Rubutun da Ya Ƙi Ruwa

Ranar Asabar da hantsi na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Williamsville, na tarar da tsakar gidanmu shiru. Duk wanda ya taɓa zama gidan haya a Bromakoté ya san shiru ba alamar lafiya ba ce. Matan gidan sun taru a bakin famfo, ba mai ɗiban ruwa, kowacce ta zuba ido ƙofar ɗakin Baba. Da suka gan ni sai suka fara sunkuyar da kai, irin yadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa bai sani ba.

Baba, wato Malam Lurwanu, yana zaune kan buzunsa, allo a cinya, kwanon ruwa a gabansa. Hannun rigarsa ya jiƙe har gwiwar hannu. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

"Hajara, zo ki gani," in ji shi.

Ya kamfato ruwa ya zuba kan allon, ya murza da tafin hannu. Ruwan ya gangara cikin kwano fari tas. Ayoyin suna nan baƙi wuluk, ko ɗigo bai motsa ba.

Yayata Ruƙayya ce ba lafiya. Tana aure a Treichville, tari ya kama ta tun kafin azumi ya ƙi sakinta, ga mura ta toshe mata hanci ko ƙamshin miya ba ta ji. Tana shan maganin asibiti, amma 'yar malam ce, dole a haɗa da rubutu. Mijinta Nu'uman ya zo da safe karɓa. Baba ya rubuta, ya zo wankewa, rubutu ya ce bai san zancen ba. Ya ɗauko wani allon ya sake rubutawa, shi ma haka.

"Tun ina yaro nike wannan aiki," Baba ya ce a hankali. "Rubutu bai taɓa ƙi na ba. Yau da na rubuta ma ɗiyata ya ƙiya. Mi kike gani aka nuna mani?"

Daga bakin famfo wata ta ja dogon numfashi, wata ta ce Allah ya sa ba abin da take tunani ba ne. Na juya na kalle su har sai da suka tuna da bokitansu. Mutanen gidanmu suna da kirki, amma da sun ga abin tsoro sai su yi ta shafa shi kamar sabon zane.

Na ɗauki allon na kai hanci. Tawadar Baba na san warinta tun ina rarrafe, baƙin tukunya ne da ƙaro, tana ƙamshin hayaƙi. Wannan kuwa wari take irin na garejin mota.

"Baba, wace tawada ce wannan?"

Ashe ƙaron da ake aiko masa daga gida ya ƙare. Jiya Ɗan Azumi, mai shagon littattafai da kayan buga hatimin ofis a kasuwar Adjamé, ya ji labari, sai ya kawo kwalba guda sadaka. Ya ce ita ce ta fi kowacce tsada a shagonsa, ko ruwan sama ya dake ta ba ta gogewa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, Baba kuma da zuciya ɗaya ya sa masa albarka. Cikinsu babu wanda ya tsaya ya ce, to ai wannan rubutun don a goge shi ake yin sa.

Ni kimiyyar haɗa sinadarai nake koyarwa, kuma satin nan gaba ɗaya abin da nake fama da shi ke nan da yaran ajina: yadda ake gane ƙwayar abu polaire ce ko apolaire, wato mai karkata gefe guda ce ko marar karkata. Da Faransanci na koya, da Faransanci nake koyarwa. Yanzu ga ni gaban Baba ina laluben Hausar da zan faɗa masa, harshena yana tuntuɓe.

Na kawo kofi biyu, ɗaya ruwa, ɗaya man gyaɗa. Na ɗiga tawadar a ruwa, ta dunƙule ta hau sama tana yawo ita kaɗai. Na ɗiga a mai, nan take ta baje ta rine shi.

Na ce masa ƙwayar ruwa karkatacciya ce. Abu uku ne a haɗe, na tsakiya ya fi na gefe ƙarfin ja, kuma ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke, shi ya sa jan ba ya kashe juna, gefe guda yana rinjaye. Mai karkata irinta kawai take iya kamawa ta narkar, kamar gishiri da sukari da ƙaro. Mai da kananzir da wannan tawada kuwa ƙwayoyinsu ba su karkata ko'ina ba, ja ya zo daidai ta kowane gefe, ruwa ba ya samun inda zai riƙe su.

Baba ya daɗe yana kallon kofin man. Ban san nawa ya ɗauka daga bayanina ba, amma kofin ya gane shi sarai. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Kenan ba ishara ba ce."

"Tawada ce kawai, Baba."

Ya yi hamdala, har ya ɗan yi dariya ya ce Ɗan Azumi zai ji daga gare shi. Ni ma na ji sanyi a raina. Ina tattara kofuna na tambaye shi ina allon farko.

"Nu'uman ya tahi da shi. Ya ce in bar mashi, shi ya san yadda zai yi."

Na ajiye kofunan. Nu'uman mai fenti ne, shi ke rubuta allunan shaguna a Treichville. Duk abin da ya ƙi ruwa a duniya, hanya ɗaya ya sani ta cire shi: diliyan, ruwan nan mai wari da suke tsinka fenti da wanke buroshi. Galan-galan yake ajiye shi a bayan ƙofa. Mutumin kirki ne mai son matarsa, mai gaggawa, kuma shekarun da ya yi cikin warin fenti sun kashe masa hanci.

Na kira wayarsa tana ta ringi ba a ɗauka. Na kira ta Yaya Ruƙayya, a kashe. Ban ce wa Baba komai ba sai cewa zan je in duba ta. Ya bi ni da ido har ƙofa, dariyar ta riga ta bar fuskarsa.

Kafin in samu tasi hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu kamar magariba. Muna gangarowa Indénié ruwa ya kece. Motoci suka cunkushe, masu tallan hankici da cajar waya suka watse neman mafaka, ruwa ya fara taruwa a ƙarƙashin tayoyi. Direban ya kashe mota ya jingina. Na ce masa 'yar'uwata ce ba lafiya. Ya ce yako, wato sannu, ya nuna min layin motocin da hannu, me zai yi?

Ina zaune ina lissafin abin da Nu'uman zai yi, don na san kansa. Ba wawa ba ne, ya san ba a shan diliyan. Zai ce kaɗan zai sa, daidai abin da zai ɗaga rubutun, sannan ya cika kwano da ruwa ya tsinka shi, ɗan wannan me zai yi a cikin ruwa mai yawa. Da gishiri ne da ya yi gaskiya. Amma diliyan ba shi da karkata, ba ya shiga ruwa ko teku aka zuba masa. Sama zai hau ya kwanta, tare da duk tawadar da ya kwaso. Na sake kiran wayar har yatsana ya gaji. Tsoro ya kama ni sosai.

Da ƙyar muka fita muka haye gada. Ruwan tafkin da ke ƙarƙashinta ya yi toka-toka, ba a ganin ɗaya gaɓar. A bakin layinsu na sauka da gudu, takalmina ɗaya ya maƙale a kwata na bar shi.

Na samu Nu'uman a baranda yana janye allunan da ya yi wa fenti kada feshin ruwa ya ɓata su. Wayarsa tana can cikin ɗaki a caji. Ya gan ni a jiƙe ya washe baki.

"Ƙanwata, ke da ruwa haka? Shigo, shigo. Ki gaya wa Malam ya kwantar da hankalinsa, on a réglé ça, an gama da matsalar."

Allon yana jingine da bango, fes, yana ƙyalli. Kusa da shi ga tsumma da galan a buɗe.

"Yaya Nu'uman, ina ruwan rubutun?"

"Kin ga ikon Allah dèh. Da na zuba ruwa, ayoyin duka suka taso sama, baƙi ƙirin, suka taru wuri ɗaya. Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Ta sha?"

"Kar ki damu, na san abin da kike tsoro. Ɗan kaɗan na sa, ruwa kuma har baki. Ita ma kurɓi ɗaya ta yi ta ce ya ishe ta, wai yana ƙona mata maƙogwaro. Ga sauran nan, ba ta sha komai ba."

Ya ɗauko kwanon daga kan tebur ya miƙo min don in gani da idona. Cike yake kusan har baki. Ruwan fari ne tas, ana hango zanen furen da ke gindin kwanon, sai ɗan baƙin zobe da ya rage a jikin bakinsa.

Daga cikin ɗaki Yaya Ruƙayya ta yi tari. Na san tarinta, na saba jin sa a waya. Wannan daban ne, gajere, a shaƙe, kuma tsakanin ɗaya da ɗaya akwai wani ɗan fito kamar iska na bi ta kafar ƙofa.

Na ce wa Nu'uman kada ya ba ta madara, kada ya sa ta amai, ya fita yanzu ya tsayar da duk motar da ya gani. Bai motsa ba. Yana riƙe da kwanon da hannu biyu, ya dubi ruwan, ya dube ni.

"Hajara," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "baƙin da ke sama ɗin, ina ya tafi?"