Faɗa Mini Abin da Kuka Zana

Tun da la'asar Hajiya Zubaidatu ta sa aka shimfiɗa babbar darduma a falonta da ke unguwar Ruwais a birnin Jidda, aka dafa shayi da na'ana'a, aka soya ƙosai. Babu matar da ba ta aika wa ba a layin: yau za a ji muryar ɗanta Nuraddeen a talabijin.

Nuraddeen direba ne a wani ƙaramin kamfani mai yin katun, ba na yara ba, irin na manya da ake yi don ban dariya. Wata rana mai tsara shirin, Thamer, ya ji shi yana waya da uwarsa, ya ce, "Wallahi yarenku da daɗi, zo ka faɗa mana 'yan kalmomi." Ya shigar da shi ɗakin ɗaukar murya. Nuraddeen mutum ne mai sanyi, bai tambayi bakin wa za a sa muryar ba. Ya rasa abin faɗa, sai ya faɗi abin da ya fi sani, addu'ar da uwarsa ke yi masa kullum idan zai fita: Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ita Hajiya yanar ido ke damunta, haske kawai take gani da inuwa. Duk da haka ita ce a gaban talabijin ɗin, ta sha jan lalle.

"Zubaida, yau kin zama uwar tauraro," in ji maƙwabciyarta Mastura, Bahaushiyar Sudan wadda ba a raba ta da tsokana. "Gobe ko gaisuwa sai mun nemi izini."

"Ki nema tun yanzu, layin da tsawo."

Bayan magariba aka fara shirin. Wani magidanci ne da iyalinsa, an zana su da fuska irin ta mutane, hanci hanci, baki baki. Can sai aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Abin da ya shigo baƙi ne wuluk kamar gindin tukunya, idanu sun firfito, jan leɓe ya cinye rabin fuska, ga buhun gwangwanaye a kafaɗa, ƙudaje na biye da shi. Ya buɗe baki, addu'ar Hajiya ta fito da muryar Nuraddeen. Yana cikin addu'ar hannunsa ya miƙe ta baya kamar roba, yana kwashe takalman gidan yana zubawa a buhu. Maigidan ya toshe hanci. Aka saki dariyar nan ta inji.

"Shi ne! Wallahi shi ne!" Hajiya ta tafa hannu. "Kun ji? Addu'ata ce!"

Wata ta ajiye ƙosan da ta ɗauka.

"To me ake wa dariya? Yaya suka zana shi? Sun sa masa hula?"

Mastura, mai bakin da ba ya mutuwa, ta dubi ƙasa. "Eh... dogo ne dai."

Nuraddeen yana tsaye a bakin ƙofa. A garin nan aka haife shi. Kowace safiya shi ke ɗauko mutanen da suka yi wannan zanen, suna ce masa ɗan'uwa, suna cin shawarma a motarsa. Ashe suna kallon ƙeyarsa, abin da suke gani ke nan? Zai iya barin maganar a kan "dogo ne" ɗin da Mastura ta ce. Amma mata cike da falo sun gani da idonsu, gobe kuma uwarsa za ta bi gida gida tana alfahari, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Umma, ɓarawo suka zana."

Ya faɗa mata duka, har leɓen, har ƙudajen. Ta saurara ba ta katse shi ba. Lallen hannunta kawai take shafawa.

Sai ga wayarsa ta yi ƙara. Thamer ne.

"Ba ni," in ji Hajiya. "Ka buɗe kowa ya ji."

"Mabruk, ya Nur!" muryar Thamer ta cika falon, yana taya shi murna da Larabci. "Mutane sun mutu da dariya! Mako mai zuwa za mu sake..."

"Uwarsa ce," ta ce da Larabcinta na Jidda, wanda ta iya tun ba a haifi Thamer ba.

"Ahlan, ya khala!" in ji shi, wato sannu, inna. "Kin gani?"

"Ban gani ba, ɗana, idona ba lafiya. Ga shi na tara baƙi. Tunda kai ka yi, ka faɗa mini da bakinka: yaya fuskar wanda kuka ba addu'ata take?"

"Wasa ne kawai, khala, kowa muna taɓawa a shirin nan, har mu kanmu..."

"Shi ke nan, na yarda wasa ne. Faɗa mini in yi dariyar nima. Fara daga leɓen."

Ana jin numfashinsa ta wayar.

Mastura ta gyara zama ta ɗauki butar shayi, ta fara zuba wa mata. Hajiya ta ɗora wayar a kan cinyarta, ta miƙa hannu aka sa mata kofi.

"Kada ka yi sauri," ta ce. "Muna nan, muna jinka."