Takardar da Ke Damtsena

Ranar da Malam Sammani ya mutu karo na biyu, barci nake yi a zaurensa, bakina a buɗe. Ba sabon abu ba ne. Shekara ashirin ina zuwa karatun Alhamis da la'asar, ban taɓa kai rabin darasi ido biyu ba. Inuwa ke kawo ni, sai ɓarin goron da ake zagayawa da shi, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, in ban leƙo ba, abin kunya ne.

Salatin mata ne ya tashe ni. Muka shiga ɗakin, Usaini ladan ya taɓa ƙafar Malam ya ce ta yi sanyi, ya ja mayafi zai rufe masa fuska. Daga ƙarƙashin mayafin muka ji murya, a hankali, kamar ta mai magana cikin tulu:

"Ba a kai ƙarshe ba."

Haka ya yi kwana tara kafin nan. A wancan karon har kabari mun haƙa, ni na yi rabin aikin, muka dawo da ƙasa a gwiwa muka tarar da mamacin yana neman ruwa. Kabarin yana nan a buɗe bayan gari. Ba wanda ya iya cewa a cike ramin, ba kuma wanda ke son bi ta wurin. Mata suka daina zuwa itace ta wannan gefen, don an ce ramin da aka haƙa ba ya zama haka nan, in bai samu nasa ba zai ɗauki wani.

Duk garinmu Wagini ba mai littattafai sai Malam. Gafaka talatin da ɗaya, a cikin wani rumbu da ya ɗora bisa duwatsu saboda gara. Maza na da Alhamis, mata na da Litinin a cikin gida wurin 'yarsa Shafa'atu. Mai son kwafa ya zo a ba shi aron falle biyu ko uku, tun da takardun ba a ɗinke suke ba. Bayan kaka kuma akwai ranar shanya: a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a baje kowace takarda a rana, a ɗora mata tsakuwa, gari duka ya fito, a dama fura.

A cikin gafakokin akwai wani littafi na waƙar wa'azi a kan kwanciyar kabari, rubutun hannun mahaifin Malam. Shi aka karanta wa mahaifin nasa yana gargara, shi kuma Malam ya ce a karanta masa har ƙarshe kafin ya tafi. Usaini ya karanta sau uku. Kowane karo sai ya zo tsakiyar baiti ya tsaya, ya juya gafaka, ya girgiza. Fallen ƙarshe babu.

An bi gida gida ana tambaya. Ni ma na taya su nema, da ƙwazo.

Shekara bakwai da suka wuce, da mahayan Maraɗi suka kawo hari ta dajin Ruma, Malam ya raba mana gafakokin mu ɓoye cikin duwatsu. Wadda ta faɗo hannuna na buɗe ta a kogo. Ban iya karatu ba, amma na ga falle ɗaya mai jan tawada da zane a gefe, ya fi sauran kyau, na ce lallai wannan shi ne mai ƙarfin. Na zare shi. Da ƙura ta lafa na kai wa wani baduku a Runka ya ɗinke mani shi a kambu. Tun daga nan yake damtsena na dama. Wato shekara bakwai ina tsare kaina daga mutuwa da bayanin kabari.

Bayan mutuwar ta biyu Malam ya daina cin komai, sai ruwa a ludayi. Shekara huɗu ke nan ba ya gani, amma duk inda na zauna a ɗakin, nan fuskarsa ke juyowa. Na koma bayan Usaini, ta biyo ni. Na koma bakin ƙofa, ta biyo ni.

"Maude, kana nan?"

"Ina nan, Malam. Ya jikin?"

"Jiki ya gama. Ya damtsenka?"

Na ce lafiya lau. Ba lafiya lau ba ne. Kambun ya fara matse ni, yatsuna suna tsami da rana tsaka.

Matata Zinariya ta gan ni ina sosa wurin a gindin turmi. Ta ajiye taɓarya.

"Kai, wannan abin naka, wane malami ma ya rubuta maka shi?"

"Wani ne can. Ba ki san shi ba."

"Duk malaman da ka sani na san su, guda ɗaya ne. Bawan Allah na kwance kabarinsa na jira, 'ya'yan mutane ba sa iya fita kiwo, kai kana nan kana susa kamar jaki mai ƙaiƙayi. Ka kai masa abinsa."

"In na kai me zan ce wa mutane?"

"Ka ce barci kake, kamar kullum."

Ranar Alhamis ta zagayo. An fito da Malam zaure a kan buzu, don ya ce ba za a fasa karatu saboda shi ba. Zauren ya cika har waje. A kan kukar ƙofar gida ungulaye uku suna zaune, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su, kowa kuma ya san suna nan. Usaini ya karanta har ya zo inda yake tsayawa, ya tsaya.

Na zaro wuƙa na yanke kambun a gaban kowa. Warin da ya fito ba sai na faɗa ba. Na miƙa takardar a naɗe, na buɗe baki zan yi bayani.

"Zo ka tallafe ni, maƙwabci," Malam ya ce. "Surutu ba naka ba ne."

Na zauna bayansa ya jingina da ƙirjina, ba shi da nauyin damin kara. Shafa'atu ta leƙo daga ƙofar cikin gida, ta durƙusa a gefensa. Ya warware takardar da kansa, ya fuskantar da ita gabansa, ya ɗora yatsa a saman dama. Ya ɗauko daga tsakiyar baitin da Usaini ya bari. Yatsan na tafiya layi layi, muryar na ƙara fitowa, har ya kai addu'ar da ake yi wa mai rubutu da iyayensa. Zaure ya ce amin. Ya yi shahada. Na ji bayansa ya saki a jikina, wannan karon kuma bai ce komai ba.

Kafin magariba mun rufe kabarin. Washegari mata suka koma itace.

Har Safana labarin ya kai, cewa idon Malam Sammani ya buɗe a ƙarshe ya karanta da kansa. Ana zuwa a tambaye ni, tun da ni ke riƙe da shi. Ina cewa Allah ne masani, in karɓi goro.

Bana da aka yi shanya, Shafa'atu ce ta baje takardun mahaifinta. Ta ɗauko fallen, duk alamun naɗi a jikinsa, ta sa shi a kife a ƙarshen layi, ta ɗora masa tsakuwa kamar sauran. Ta kalle ni, na kalli ƙwaryar fura. Ni da ita kaɗai muka ga fuskar takardar ranar da Malam ya karanta ta. Babu ko ɗigo a jikinta, gumina ya cinye tawadar tun tuni.