Ajiyar Asta

A Batsari, a shekarun da maharan Maraɗi ke ratso dajin Rugu, har ba mai fita bayan ganuwa shi kaɗai, an yi wata mata mai suna Turai. Kowa ya shaide ta da kyauta. In ka shiga gidanta da yunwa, da nishi za ka fito. Amma fa sai in ita ce ta ba ka. Abin da ta kira nata, ko kallonsa ka cika yi sai ka ga fuska ta ɗaure. Mijinta Yusha'u, manomi mai sanyin hali, ya daɗe da gane haka, ya kama bakinsa ya zauna lafiya.

Allah bai ba Turai haihuwa ba. Ƙanwarta Asta kuwa, da aka kai ta Safana gidan Sammani, shekara na zagayowa ta haifi mace, aka sa mata Zinariya. 'Yar fari ce, don haka kunya ta hau kan Asta kamar yadda take hawa kan kowace uwa: ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in tana ba ta nono ma sai ta kau da kai. Ranar yaye Turai ta zo, dangi suka danƙa mata yarinya, ta goya ta ta kamo hanyar Batsari tana jin kamar ta taka rawa.

Riƙo kam ta yi shi, ba mai musu. Kitson Zinariya bai taɓa tsufa a kanta ba, lalle bai taɓa gogewa a ƙafarta ba. Yaron da ya ture ta a bakin rijiya, sai da uwarsa ta zo ban haƙuri har sau biyu. Yarinya ta tashi tana kiran Turai Inna, tana bin ta kamar jela. To me ya rage wa mutum ban da godiyar Allah? Ai kuwa sai Turai ta nemo wa kanta abin da zai hana ta sakat.

Kishin Asta take yi. Asta da ba ta iya ko ɗaga ido ta dubi yarinyar! Duk sanda aka haɗu wajen suna ko Salla, Turai ba ta da aiki sai sa ido. Ta ga yadda Asta ke tura tsokar da ta fi kyau gefen akushin da yarinya ke ci, fuskarta na kallon wani wuri. Ta ji dariyarsu iri ɗaya ce, har da ɗan shaƙewar nan ta ƙarshe. In wata baƙuwa ta yi suɓul da baka ta ce, "Kai, kamar an tsaga kara," Turai ba ta ƙara yi mata magana sai an tashi. Wata shekara Asta ta aiko da ɗan faifai mai ado, wai a ba yaran gida, alhali yarinya ɗaya ce a gidan. Zinariya ta rataye shi a saman gadonta. Bayan kwana uku Turai ta ara wa maƙwabciya shi, ba ta ƙara tambaya ba. Daga nan zuwa Safana ya fara ja baya: yau hanya ba lafiya, gobe aiki ya yi yawa, jibi yarinya na mura. Sai da aka yi damina uku Zinariya ba ta taka garin ba.

Tana shekara goma sha uku, ana tsakiyar noman maimai, Badaru ƙanen Sammani ya iso da jakuna biyu ran kasuwa, ya yi sallama a zaure. Zinariya ta kai wa Yusha'u abinci gona, shi kuwa ya dawo neman wata fartanya, suka yi saɓani a hanya. Turai ta fito aka gaisa, aka tambayi ruwa da shuka da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan Badaru ya sunkuyar da kai.

"Asta ta sauka, an samu namiji. Amma jikin ba daɗi, zazzaɓin jego ya kama ta. Ta ce in gaya miki ki taho, ki taho mata da ajiyarta."

"Ajiya?" in ji Turai.

"Haka ta ce. Ba ta ƙara komi ba."

Ba wanda bai gane ba a cikin zauren nan. Uwar da ba ta iya furta sunan 'yarta, da wane baki za ta yi aike in ba irin wannan ba? Turai ma ta gane, tun kafin Badaru ya rufe baki. Amma kalmar ce ta soke ta. Ajiya! Shekara goma sha ɗaya tana wanki da goyo da jinyar ƙyanda, ashe a wurin Asta ajiya ce aka ba ta, ranar da mai abu ya ga dama ya aiko a kawo masa kayansa. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, tausayin ƙanwarta da ya fara tasowa ya koma ya kwanta.

Sai ta tuna da wasu mundaye huɗu na azurfa da Asta ta bar mata tun wata shekara da aka yi gudun hari. Ta shiga ɗaki ta tono su daga ƙasan tukunya, ta ƙulle a bakin zane.

Yusha'u ya bi ta har ƙofa. "Turai, kin san mi take nuhi."

"Mundaye ta ba ni ajiya, ga su. Ɗiya kuwa ba ajiya aka ba ni ba, ba ni aka yi."

"Ki ji tsoron Allah. Ciwon jego ba abin wasa ba ne."

"Malam, ƙanwata ce, na fi ka sanin ta. Ta warke ta zo ta gan ta a nan, a gidanmu."

Da Zinariya ta dawo, Turai ta ce mata ɗan zazzaɓi ne, kwana biyu za ta yi ta juyo, ita ta zauna ta kula da tuwon babanta. Yarinya ta ce, "To, Inna, ki gaishe su." Badaru ya buɗe baki, Turai ta watsa masa wani kallo, ya mayar da shi ya rufe.

Da sassafe suka bi ayarin masu kanwa, suka yini cur a hanya, suka shiga Safana rana na shirin faɗuwa. Ɗakin cike yake da tsofaffi, uwar Sammani na zaune a gefen gado da jinjiri a hannu. Asta ta rame har Turai ta tsorata. Da ta ji muryar yayarta sai ta yunƙura ta ɗaga kai, amma ba ita take duba ba. Bayanta take dubawa, wajen labulen asabari. Ta daɗe tana duban wurin.

Turai ta kwance bakin zane, ta ajiye mundayen a kan tabarma. "Ga ajiyarki."

Asta ta dubi mundayen, ta dubi yayarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ko a wannan hali ba ta iya karya kunya a gaban surukarta ba.

"Na gode, Yaya," in ji ta. Can kuma, da murya ƙasa-ƙasa, "Ta yi tsawo?"

"Ta yi."

"Ta kai ni?"

"Saura kaɗan."

Asta ta juya fuskarta bango. A nan Turai ta ji abin da ta yi ya danne ta, ta ji kunya da nadama sun rufe ta gaba ɗaya. Ta fito tsakar gida ta samu Badaru, ta ce gobe da asuba ya koma ya ɗauko yarinyar. Da asubar kuwa aka kece da ruwa, rafi ya kawo, ba jakin da zai haye. Kafin ruwan ya janye, wajen azahar, Asta ta cika.

Ran kwana uku Yusha'u ya iso da Zinariya. Gidan makoki kuwa ba a rufe bakin mata. Kafin yarinya ta gama shan ruwa ta ji cewa uwarta ta tafi idonta na ƙofa. Da kakarta ta miƙa mata mundayen ta ce nata ne yanzu, ta juya su a hannu, ta tashi ta tafi zaure wurin Badaru. Abin da ta tambaye shi da abin da ya amsa, Turai ba ta ji ba. Ta dai ga fitowarta. Daga ranar Zinariya ba ta fasa komai ba: tana durƙusawa ta gaishe ta da safe, tana kai mata ruwan alwala, tana amsa kira. Sai dai ba ta ƙara zama kusa da ita ba.

Da aka yi sadakar bakwai Turai ta ɗaure kayanta, ta ɗaure na yarinya. Sammani ya same ta a tsakar gida, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce yana roƙon a bar masa Zinariya ta zauna da ƙannenta.

Turai ta miƙe tsaye. Tsohon halin nan ya taso, nadamar kwana bakwai ta bi iska. "A bar maka wa? Ina kake sanda nike kwana zaune da ita tana ƙyanda? Yanzu da ta zama mutum kun ga abin morewa? Kai da matarka dama kun daɗe kuna..." Sai ta tuna matar na ƙasa, ta haɗiye sauran. "A kira ta. A kira ta ta faɗi da bakinta, in ji wanda za ta bi."

Ta faɗi haka ne da gadara, don ko a mafarki ba ta taɓa zaton amsa biyu ba. Zinariya ta fito daga ɗakin kakarta da jinjirin goye a bayanta, ta durƙusa a gaban mutane, kanta a ƙasa.

"Zinariya, tashi mu tahi gida."

"Ki yi haƙuri, Inna. Nan zan zauna."

"Ni? Ni za ki yi wa haka? Mi na rage ki da shi tun da kika zo duniya?"

"Ba ki rage ni da komi ba." Ta ɗago ido, karo na farko a cikin kwanakin nan, hawaye na zuba. "Inna, da kin taho da ni, wallahi da na biyo ki mun koma. Ban taɓa tunanin zama wani wuri ba."

Jinjiri ya motsa ya fara kuka, Zinariya ta miƙe tana jijjiga shi, ta koma ɗaki. Yusha'u ya sunkuya ya kwance ƙullin kayan yarinyar daga na matarsa, ya miƙa wa Sammani, ya ce su tashi kada ayari ya bar su.