Kafaɗar Jitar Kawu

Jitar ba ta Tela ba ce, kuma ya fi kowa sanin haka. Ta kawunsa ce, wanda ya damƙa masa ita ranar da za a tafi da shi gidan 'yarsa jinyar gwiwa.

"Ka dinga taɓa ta," in ji Kawu. "Katako in aka bar shi shiru, bebancewa yake yi."

Kunnen Kawu ya daɗe da yin nauyi. Amma tsohon ya samo wa kansa dabara: in zai kaɗa, sai ya sunkuyo ya ɗora haɓarsa a kafaɗar jitar, ya lumshe ido, sautin ya bi ta muƙamuƙinsa ya shiga kai. Wurin har ya yi baƙi yana sheƙi saboda gogar gemu. Jikoki kan ce Kawu yana raɗa da jitarsa.

Tela kuwa, in ya sauke ƙafa daga keken ɗinki, yakan yi kiɗa da abokansa. Da aka gayyace su wasa a wani babban ɗakin taro, mai gangarsu ya harari jitar ya ce, "Wannan tsohuwar, ko 'yan layin gaba ba za su ji ta ba. Ka sa mata fikof." Yana nufin 'yar na'urar da ke ɗauko sautin jita ta kai wa lasifika.

Shagon mai gyaran kayan kiɗan da Tela ya kai ta ƙarami ne, yana warin gam da garin katako. Mutumin ya ajiye na'urori biyu a kan tebur.

"Wannan maƙalawa ake yi a bakin ramin jitar. Ka gama wasa ka cire abinka, sai dai waya za ta dinga reto a gabanka. Wannan kuma ta ciki ce, ba a ganin komai sai maɓallai, kuma ba ta zamewa ana tsakiyar wasa. Amma sai na yanke katako, kuma abin da aka yanke ba ya komawa."

"A ina za ka yanke?"

Mai gyara ya ɗora yatsa a kan baƙin wurin nan mai sheƙi. "Nan ake sa ta, inda hannu zai kai. Taka ce dai ko?"

Nan ne ya kamata Tela ya tsaya. Amma sai ya hango kansa a kan dandamali, waya tana lilo a gabansa kamar igiyar akuya, mai ganga yana ƙunshe dariya. Son zuciya, ɓacin zuciya.

"Tawa ce," ya ce.

Da zarton ya fara cin katakon, Tela ya fita waje wai zai amsa waya.

Wasa kam ya yi kyau. Jitar ta cika ɗakin, aka tafa, mai ganga har da dafa masa kafaɗa. Sai dai tun daga ranar, Tela ya daina buɗe jakarta a gida. In matarsa ta tambaya, sai ya ce ɗinki ya yi masa yawa.

Kawu ya dawo da sandar dogarawa. Tela ya je gaishe shi hannu rabbana, ya sake zuwa haka, yana ta kame-kame. A zuwa na gaba tsohon ya ce, "Ɗan nan, ina amanata?"

Washegari da hantsi Tela ya kawo ta. Kawu na zaune a kujerarsa ta bakin taga, ya karɓe ta yana murmushi, ya ɗora a cinya, ya sunkuyo kamar kullum. Haɓarsa ta sauka a kan roba. Ya ɗago ya duba, ya shafa maɓallan da babban yatsa. Sai ya gusa gaba kaɗan ya kaɗa, ya gusa baya ya sake kaɗawa. Inda katako ya rage ya yi wa wuyansa nisa, ga tsufa. Ya gwada har sai da ya fara haki.

Tela na tsugune a ƙasa, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Kawu, akwai wadda ake maƙalawa," ya ce da ƙarfi, don tsohon ya ji. "An nuna min. Ni ne na zaɓi wannan."

Kawu ya daɗe yana kallon bakinsa. Da ma zagi ya yi, da Tela ya samu sauƙi.

"Mutanen sun ji ka sosai?"

"Sun ji, Kawu."

"Har na baya?"

"Har na baya."

"To, madalla." Tsohon ya goge robar da hannun rigarsa, ya miƙo masa jitar. "Riƙe ta, ta zama taka. Matso nan kusa ka kaɗa min, in ga hannunka."

Tela ya matso ya fara kaɗawa. Kawu ya zuba wa yatsunsa ido yana gyaɗa kai, amma gyaɗawar ba ta dace da kiɗan ba.