Wata na Biyar

"Kar ka zura masa ido," in ji Baba Mai-tabarau daga kujerarsa. "Kalli gefe. Mai kunya ne, sai ka kau da kai yake fitowa."

Ina durƙushe a saman benensa, idona a bakin madubin hangen nesan da ya harhaɗa da bututun roba. Ni tela ne, maƙwabcinsa, kuma a ganinsa mai zura zare a allura ba ya kasa ganin ɗigo. Shekara tara yana bin Zuhal, duniyar nan mai zobe. Ya ga huɗu cikin watannin da ke kewaya ta, na biyar ya gagara, sai ga ciwo ya cinye masa ido da ƙafa. Ranar goya shi na yi muka hau.

Na kau da ido har wuyana ya ƙage. Can sai ga wani abu kamar ƙwayar gishiri.

"Baba, na gani."

"Ban da azarɓaɓi. Zana shi a nan." Ya miƙo mini kwalin maganinsa. "Taurari ma suna shigar burtu. Mu dawo jibi. In Zuhal ta wuce ta bar shi, tauraro ne. In ya bi ta, nawa ne."

"Naka? Da idona?"

"Aro na yi. Kai ma almakashina na wurinka."

Washegari da hantsi 'yarsa ta leƙo shagona, takalmanta wari da wari. Ban tambaye ta komai ba, na gane Baba ya rasu, na sauke ƙafa daga keken ɗinki. Haushi ne ya riga baƙin ciki zuwa mini: mutum ya jira shekara tara, a rasa masa kwana guda.

Da ranar ta zo, bayan masu gaisuwa sun watse, muka hau ni da ita. Ita ta saita madubin, saboda ta san halin ƙafarsa ɗaya mai rawa. Na duba zanen, na sunkuya.

"Yana nan?" ta tambaya.

"Yana nan. Ya ɗan zaga ƙasa, amma bai rabu da ita ba."

Ta matso ta kafa idonta, ta jima.

"Kawu, ni ruwa kawai nake gani."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta sake sunkuyawa. Ni kuma na tsuguna na riƙe mata ƙafar madubin.