Gazuwal a Magudanar Shinkafa

A zamanin mulkin soja, motar man Kawu Tanko ta kife da hantsi a bakin garin Gaya, gazuwal, wato man dizal, ya malale bisa kwalta. Yacuba, ɗan ƙanwarsa, malamin gona da bai daɗe da dawowa daga karatu a Aljeriya ba, ya tarar da ƴan uwa suna ɗebo ruwa da bokiti suna wanke hanya, don kada sojoji su ga alama su kama Kawu. Ruwan kuwa yana gangarawa cikin magudanar da ke shayar da gonakin shinkafa.

Ya ce, "Kawu, a daina. Doka ta ce a sanar da jandarma nan take, su zo a toshe magudanar."

Kawu Tanko ya ce, "To, sannu nasara! Ka san inda suke kai mutum? Ɗauki bokiti."

"Shinkafar mutane za ta mutu."

"Ni na yanka ragon sunanka, Yacuba."

Yacuba ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Kafin azahar jandarmomi sun toshe magudanar da buhunan yashi, sun tafi da Kawu Tanko. Yawancin gonakin sun tsira. Manoman ba su san wanda ya kai labari ba, amma a gida kowa ya sani.

Da magariba mazan gidan suka kewaye kwano ɗaya kamar kullum. Mahaifiyar Yacuba, Inna Kande, ta zuba masa tuwonsa a ƙaramin kwano, ta ajiye can bakin zaure. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ci.