Jan Fenti a Hannun Malam Rabiou

"Labaran, janye buhunanka, ka tare mini haske."

Malam Rabiou ne zaune a matakalar benenmu a unguwar Al Buteen ta Dubai, da 'yar kwalbar man gyaɗa a tsakanin ƙafafunsa, yana ta dirzar hannu da tsumma. An kira la'asar tun ɗazu.

Na ce, "Haba Badamagare! Liman zai sallame kana nan kana gyaran farce."

"Bon, je ka kama mana sahu. Ku Kanawa ko kwalta ce a hannunku alwala kuke yi, kada ciniki ya wuce."

Haka muke kullum. Ƙofar ɗakinsa na kallon tawa. Ni ina ɗaure kayan 'yan kasuwa ana tura su gida kargo, shi kuma aikinsa a Jaddaf yake, inda ake jawo manyan jiragen katako kan tudu. Sai ya shiga ƙarƙashin jirgi ya kankare gansakuka da 'yan ƙumban da suka manne, ya goge, sannan ya shafa wani jan fenti mai kauri. Ba na ado ba ne. Guba ce a cikinsa, don kada wani abin teku ya sake kama katakon ya ci shi. Nakan ce masa ikon Allah ne kawai, mutumin da garinsu ko rafin kirki babu, shi ne likitan jiragen ruwa.

To, fentin nan an yi shi ne don ya gagari ruwa, kuma abin da ya hana Malam Rabiou sakat ke nan. Ana ba su safar hannu, amma takan yage. Ɗigo ɗaya ya bushe a fata, ruwan alwala ba zai taɓa wurin ba. Shi ya sa ba ya kabbara sai ya bi yatsunsa da mai, ya bi ƙarƙashin farce da tsinken sakace.

A damunar gida ta 2018, lokacin da zafin Dubai ke neman narkar da mutum, tari ya kama shi. Ina jiyo shi ta bango. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce ya huta, ya ce akwai jirgin wani tsoho da ke jira, tsutsa ta fara cin gindin jirgin.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, muna cin shinkafa a faranti ɗaya, sai ya ajiye cokali.

"Labaran, in ta Allah ta kasance ina wurin aiki, kada ka bari a sa ni a rami da abin nan a hannuna."

"Kai dai ci abinci. Wa ya ce maka Damagarawa na mutuwa da wuri?"

"Ba wasa nake ba. Masu wanka ba su san shi ba, za su zuba ruwa su wuce. Ina so ruwa ya taɓa ni ko'ina."

Na ce na ji. Na ajiye nawa cokalin.

Da hantsi aka kira ni, ranar wata Talata. Ya faɗi a ƙarƙashin jirgin, burushi a hannu, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na zauna a kan wani kwali a shago, na yi kuka kamar ƙaramin yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Takardu suka ɗauki kwanaki. Matarsa Kadija ta bugo daga Damagaram ta ce a rufe shi a nan, ƙasa duk ta Allah ce. Kafin na tafi maƙabartar Muhaisnah, na shiga ɗakinsa na ɗauko kwalbar da tsumman da tsinken sakace a bayan ƙofa.

Da aka yaye mayafin a ɗakin wanka, na dubi hannuwansa. Hannun dama ja wur har wuyan hannu, ya bushe ƙamas. Mai wankan, wani dattijo ɗan Pakistan mai farin gemu, ya duba ya girgiza kai.

"Khalas, habibi. Ba ya fita. Allah Mai gafara ne."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma ba shi aka yi wa magana a kan farantin shinkafa ba.

Na ce, "Shwaiya, Baba. Ɗan lokaci kaɗan kawai."

Ya dubi kwalbar, ya dube ni, sai ya jawo mini kujera. Na riƙe hannun, sanyi ƙalau, na zuba mai na jira ya jiƙa yadda na ga Malam Rabiou yana yi. Na bi tafin a hankali, na bi tsakanin yatsu. Babban yatsan ne ya ba ni wuya. Ban san lokacin da na fara yi masa magana ba.

"Ka gani ko, Badamagare? Yau Bakano ne ke maka gyaran farce."

Dattijon ya karɓi tsinken ya taya ni da ƙaramin yatsa. Da muka gama muka wanke man da sabulu, ya ɗebo ruwa ya zuba. Ruwan ya bi hannun ya kwanta ko'ina, babu inda ya tsallake.

Na dawo gida ana kiran la'asar. Na naɗe hannun riga zan yi alwala, sai na ga ja a ƙarƙashin farcena. Na zauna a matakalar nan, na ajiye kwalbar a tsakanin ƙafafuna, na buɗe murfin.